Kishin Saul, Amincin Jonatan, da Hanyoyin da Allah Ya Bi Ya Tsare Dawuda

Wata 'yar'uwa da ke jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki a zumuntar mata ta cocinsu ta tambaya: "Muna karanta 1 Sama'ila. Yaya waƙa guda ta sa Saul ya tsani Dawuda har ya nemi ransa? Jonatan bai ci amanar mahaifinsa Saul ba da ya tsaya wa Dawuda? In kuma Allah ne ke tsaron Dawuda, don me sai da ya yi ta gudu yana ɓuya a kogo, har waɗansu suka mutu a kansa?"

Mama, Allah ya ƙara miki hikima cikin wannan hidima. Tambayoyinki uku igiya ɗaya ce ta ɗaure su, amma ba za ki ga igiyar ba in kin soma karatu daga sura 18, inda mata suka yi waƙa. Sai kin koma baya zuwa sura 13 da 15.

A sura 13, Saul ya jira Sama'ila kwana 7 a Gilgal. Da ya ga mayaƙa suna watsewa, sai ya miƙa hadaya da kansa. Sama'ila ya iso ya ce masa sarautarsa ba za ta ɗore ba, Ubangiji ya riga ya nemi wani mutum wanda zuciyarsa ke so. A sura 15, bayan yaƙin Amalekawa, Saul ya bar sarki Agag da rai, ya kuma ware dabbobi mafi kyau. Da aka tsare shi, bakinsa ya tona asirin zuciyarsa: ya ce tsoron jama'a ya ji, ya bi maganarsu. Ko bayan da ya ce ya yi zunubi, abin da ya roƙi Sama'ila shi ne ya girmama shi a gaban dattawa. A wurin ne aka ce masa an yage sarauta daga hannunsa, an ba wa maƙwabcinsa wanda ya fi shi. Ba a faɗa masa sunan mutumin ba. Wato tun daga ranar Saul yake zaune a kan gadon da ya san an karɓe, yana duban kowace fuska a fada yana neman wanda aka ba.

Yanzu ki saurari waƙar da kunnen irin wannan mutum. Bayan Dawuda ya kashe Goliyat Bafilisten, mata sun fito da ganguna da rawa su taryi sarki, suna cewa Saul ya kashe dubbai, Dawuda kuwa dubun dubbai. Waƙoƙin Ibraniyawa sukan jera lamba a layi na farko, su kawo wadda ta fi ta a layi na biyu, don haka mai yiwuwa matan kirarin nasara kawai suke yi wa jarumai biyu. Amma duk wanda ya san fada ya san ba a koɗa bara fiye da ubangidansa a gaban jama'a a kwana lafiya. Amsar Saul a 18:8 ce ta nuna inda ƙaya ta soke shi: me ya rage wa yaron nan in ba sarauta ba? A wannan rana ya gane maƙwabcin da aka yi masa maganarsa. Mutumin da ya rasa yardar Allah, ya dogara ga yabon jama'a, yanzu yabon ma ya koma wani wuri.

Abu ɗaya da masu koyarwa kan tsallake: marubucin ya fi kiran wannan ciwo da sunan tsoro. A sura 18 kaɗai sau 3 aka ce Saul yana tsoron Dawuda, a aya 12, 15 da 29, kuma tsoron ƙaruwa yake yi. Sau 3 kuma aka ce Ubangiji yana tare da Dawuda, a aya 12, 14 da 28. Ki sa matan su ja layi a ƙarƙashin waɗannan ayoyi, za su gani da idonsu cewa biyun tafe suke kafaɗa da kafaɗa. Saul ya san Ruhun da ya taɓa sauko masa ya rabu da shi ya koma kan Dawuda ɗan Yesse. Kuma kar a manta, da farko ƙaunarsa yake yi ƙwarai (16:21), har ya maishe shi mai riƙe masa makamai. Hassada mafi zafi takan tsiro ne a inda aka taɓa yin ƙauna.

Yadda ciwon ya yi ta girma abin dubawa ne a hankali, domin kowane mataki ya fi na baya fitowa fili. Ya soma da sa ido. Kashegari ya wurga mashi a cikin ɗaki lokacin da Dawuda ke kaɗa masa garaya, abin da fadawa za su iya cewa ciwon sarki ne ya tashi. Da hakan bai yi ba, sai ya koma makirci mai kama da alheri: ya naɗa shi shugaban mayaƙa 1,000 don ya nisanta shi, ya yi masa alkawarin 'yarsa Merab in zai yi ta yaƙi, yana cewa a ransa bari hannun Filistiyawa ya gama da shi. Da lokaci ya yi, aka aurar da Merab ga Adriyel. Sai aka zo kan ƙanwarta Mikal, wadda take son Dawuda, sarki ya yanka sadaki: loɓar Filistiyawa 100. Babu mai kawo wannan sadaki sai ya sa wuyansa a bakin takobi sau ɗari. Dawuda ya kawo 200. Daga nan ne kunya ta ƙare, a 19:1 ya fito ƙarara ya umarci ɗansa da fadawansa su kashe shi. Ƙarshenta sarkin da aka naɗa don ya tsare ƙasa daga Filistiyawa ya kwashi zaɓaɓɓun mayaƙa 3,000 yana bin mutum ɗaya cikin duwatsun En-gedi.

Kowane tarko kuwa ɗaukaka ya ƙara wa wanda aka ɗana dominsa. Nisantarwa ta sa jama'a suka san shi a fagen fama, sadakin mutuwa ya maishe shi surukin sarki. Abin da Bahaushe ke nufi ke nan da hassada ga mai rabo taki ce. A nan ya kamata ki gargaɗi masu nazarin kada su ɗauka wannan ciwo na Saul ne shi kaɗai. Dabarar nan ta tura mutum gaban yaƙi don maƙiyi ya kashe shi, ita ce Dawuda da kansa ya yi wa Uriya, mijin Batsheba, bayan ya hau gado (2 Sama'ila 11). Tasa ma ta ci.

Sai batun Jonatan, wanda nan ne na fi so ki ɓata lokaci.

Mutane kan zana shi kamar wani saurayi mai sanyin hali da jarumtar Dawuda ta ruɗe shi. Littafin bai nuna haka ba. Tun kafin a ji sunan Dawuda, Jonatan yana jagorantar mayaƙa 1,000 (13:2). A sura 14 shi da mai ɗaukar masa makamai, su biyu rak, suka hau dutse da rarrafe suka auka wa sansanin Filistiyawa a Mikmash, suka kashe wajen mutum 20, yana cewa ba abin da zai hana Ubangiji ceto, ko da mutane masu yawa ko da kaɗan. Wannan ita ce irin maganar da Dawuda ya yi a gaban Goliyat. Saboda haka da ransa ya haɗu da na Dawuda, jarumi mai bangaskiya ne ya gane ɗan'uwansa. Kuma a duk Isra'ila babu wanda ya fi shi dalilin yin kishi, domin shi ne yarima mai jiran gado.

Ki dubi abin da ya cire ya ba Dawuda a 18:4: rigar da ke jikinsa, kayan yaƙinsa, takobinsa, bakansa da ɗamararsa. Wanda ya san ma'anar alkyabba a masarauta ba zai ɗauki wannan kyautar sutura kawai ba. Yarima ya tuɓe alamar matsayinsa ya yafa wa makiyayi. Takobin ma ba ƙaramin abu ba ne, domin 13:22 ta ce a ranar yaƙin Mikmash ba wanda yake da takobi ko mashi cikin rundunar sai Saul da Jonatan. Riga kuwa a wannan littafi takan tsaya a madadin sarauta: gefen riga ya yage a sura 15 aka ce haka aka yage mulkin Saul, Dawuda ya yanki gefen rigar Saul a kogo zuciyarsa ta dame shi. Abin da aka ƙwace wa uba da ƙarfi, ɗa ya miƙa shi da hannu biyu.

To, ya ci amanar mahaifinsa? A ganina bai ci ba, kuma ga dalilai daga cikin labarin. Da aka ba shi umarnin kisa, bai yi shiru ba, bai kuma haɗa tawaye ba. Ya gargaɗi Dawuda ya ɓuya, sa'an nan ya fuskanci mahaifinsa da ladabi, yana kiransa sarki. Ki lura da yadda ya tsara maganarsa a 19:4-5: Dawuda bai yi maka laifi ba, aikinsa ya amfane ka, ya sai da ransa ya kashe Bafilisten, kai ma ka gani ka yi murna, don me za ka ɗauki alhakin jinin marar laifi? Rabin wannan roƙo don Saul ne. Ɗa ne ke ƙoƙarin janye ubansa daga bakin rami. Kuma a wannan karo ya yi nasara, Saul ya rantse, Dawuda ya dawo fada, sai dai rantsuwar ba ta wuce nasarar yaƙi ta gaba ba.

A sura 20 ma Jonatan bai yi saurin yarda da mugun labari a kan mahaifinsa ba. Da Dawuda ya ce taki ɗaya ne tsakaninsa da mutuwa, shi cewa ya yi ba zai yiwu ba, mahaifina ba ya ɓoye mini kome. Sai suka shirya gwaji. Bikin tsayuwar wata ya zo, kujerar Dawuda a teburin sarki za ta kasance ba kowa. In an tambaya, Jonatan zai ce ya tafi Baitalami hadayar danginsu ta shekara. In sarki ya ce to, lafiya. In ya husata, magana ta tabbata. Sakamakon kuma za a isar da shi da kibau 3 da yaro mai tsinto su: in an ce wa yaron kibau suna wannan gefe, Dawuda ya fito, in an ce suna gaba da kai, ya gudu. Yaron bai san kome ba, don haka ba a sa ran kowa a haɗari ba. Rana ta fari Saul ya yi shiru, yana zaton Dawuda ba shi da tsarki ne. Rana ta biyu ya tambaya, ko sunansa bai iya kira ba sai "ɗan Yesse". Da ya ji amsa, ya zagi Jonatan ta uwarsa a gaban mutane, ya kuma faɗi gaskiyar da ke cinsa: muddin ɗan Yesse yana raye, kai da sarautarka ba za ku kafu ba. Jonatan ya tambaya, don me za a kashe shi, me ya yi? Amsar ita ce mashi. Uban da ke cewa don gādon ɗansa yake wannan farauta, shi ne ya wurgi ɗan da makami. Kuma ba wannan ne karo na farko ba, a sura 14 saura kaɗan ya kashe shi a kan ɗanɗanar zuma, jama'a ne suka fanshe shi.

Duk da haka Jonatan bai bi Dawuda jeji ba. Ya koma gari. Ganinsu na ƙarshe a Horesh ne, cikin jejin Zif (23:16-18), inda aka ce ya ƙarfafa hannun Dawuda ga Allah. Bai kai masa dakaru ko asirin fada ba, alkawarin Allah ya tuna masa: kada ka ji tsoro, kai za ka zama sarki, ni in zama na biyunka, mahaifina ma ya sani. Sa'an nan ya tafi gida, ya mutu a gefen mahaifinsa a Dutsen Gilbowa tare da 'yan'uwansa Abinadab da Malkishuwa. Ya ƙi bin uban cikin zunubi, amma bai gudu ya bar shi a ranar wahala ba. Wanda ya kira wannan cin amana sai ya faɗa mana yadda amana take.

Tambayarki ta uku ita ce mafi nauyi. Ayar da ta riƙe amsar ita ce 23:14: Saul ya yi ta nemansa kowace rana, amma Allah bai bashe shi a hannunsa ba. In kika bi labarin kina ƙirga yadda aka kuɓutar da Dawuda, za ki tarar abin al'ajabi a fili kaɗan ne. A Nayot ta Rama, Saul ya aiki manzanni har kashi 3 su kamo shi, Ruhun Allah ya sauko musu suka kama annabci, shi ma da ya zo da kansa ya tuɓe tufafinsa ya kwanta yini da kwana a gaban Sama'ila. A tudun Hakila kuma barci mai nauyi daga Ubangiji ya kama sansanin, har Dawuda da jaruminsa Abishai suka ɗauke mashi da butar ruwa daga wajen kan sarki. Ban da waɗannan, sauran duk ta hannun mutane ne da abubuwan yau da kullum. Sura 19 kaɗai ta jera hanyoyi huɗu daban: bakin Jonatan, zafin naman Dawuda da ya kauce mashi ya kafe a bango, dabarar Mikal da ta zurara shi ta taga ta shimfiɗa gunki a gado da gashin akuya a wajen kai, sa'an nan Ruhu a Nayot. Biyu daga cikin huɗun 'ya'yan Saul ne na cikinsa. A jejin Mawon, Saul yana wannan gefen dutse, Dawuda yana wancan, an kusa rufe shi, sai ga ɗan aike da labarin Filistiyawa sun kawo hari, dole sarki ya juya. A Kaila kuwa tambaya ce ta cece shi: ya nemi Ubangiji ta wurin firist Abiyata, aka ce masa mutanen garin da ya ceta za su bashe shi, sai ya fita da mutanensa wajen 600.

Saboda haka gudun Dawuda ba ya nuna tsaron Allah ya gaza. Gudun yana cikin tsaron. Shekarun nan ne suka tara masa mutum 400 na farko a kogon Adullam, masu bashi da masu ɓacin rai, waɗanda suka zama ƙashin bayan rundunarsa. A cikinsu ne kuma aka gwada ko zai karɓi sarauta da hannunsa ko zai jira. Sau 2 Saul ya faɗo hannunsa, a kogon En-gedi da a Hakila, sau 2 mutanensa suka ce Allah ne ya ba shi, sau 2 ya ƙi taɓa shafaffe na Ubangiji. Wani ɓangare na tsaron shi ne an tsare shi daga zama Saul na biyu. Sura 25 ta nuna yadda abin ya yi kusa: ya ɗaura takobi zai hallaka gidan wani attajiri Nabal a kan cin mutunci, Abigel matar Nabal ce ta tare shi a hanya, shi kansa ya ce Ubangiji ne ya aiko ta ta hana shi zubar da jini.

Amma ina roƙonki kada ki tsallake labarin Nob, garin firistoci, don nazarin ya yi daɗi. Dawuda ya isa wurin firist Ahimelek da yunwa, ya yi masa ƙarya cewa sarki ne ya aike shi a asirce, ya karɓi keɓaɓɓiyar gurasa da takobin Goliyat. Doyeg mutumin Edom, shugaban makiyayan Saul, yana wurin, ya kai rahoto. Saul ya ba da umarnin kisa, dogaran sarki suka ƙi ɗaga hannu a kan firistoci, Doyeg ya kashe 85 a rana ɗaya, aka kuma karkashe garin, maza da mata da jarirai da dabbobi. Abin da Saul ya ƙi cikawa a kan Amalekawa da umarnin Allah, ya yi wa firistocin Allah da umarnin kishi. Ahimelek daga zuriyar firist Eli yake, kuma an riga an furta hukunci a kan gidan a sura 2, amma wannan bai wanke Saul ko Doyeg ba, Dawuda ma bai wanke kansa ba. Ya ce wa Abiyata, wanda shi kaɗai ya tsira, ni ne sanadin mutuwar gidan mahaifinka. Daga nan za ki amsa wa duk wadda ta tambaya ko labarin ya halatta ƙarya: marubucin bai tsaya yin sharhi a kan ƙaryar Mikal ko ta bikin Baitalami ba, amma ya nuna mana abin da ta Nob ta jawo.

Kuskuren da ya fi yawa wajen koyar da wannan labari shi ne a ce wa mutane duk mai aminci ba abin da zai taɓa shi. A zumuntarki akwai gwauraye da waɗanda suka binne 'ya'ya, wannan magana za ta yanke su, kuma littafin bai faɗe ta ba. Ahimelek marar laifi ne ya mutu. Jonatan amintacce ne ya mutu bai zama na biyun da ya yi fata ba. An tsare Dawuda ne saboda takamaiman alkawari da aka shafa masa mai a kai, wanda Sabon Alkawari ya bi sawunsa har zuwa Yesu Ɗan Dawuda. Shi kansa wanda aka tsare ɗin, zuciyarsa ta taɓa karaya: a 27:1 ya ce wata rana Saul zai hallaka ni, ya ƙaura ƙasar Filistiyawa ya zauna shekara 1 da wata 4. Kuskure na biyu shi ne kowace mai sauraro ta ɗauki kanta Dawuda, ta kama tunanin wace ce Saul ɗinta a gida ko a coci. Ya fi amfani ki tambaye su yabon wa ne yake ɓata musu rai in sun ji.

Game da tsarin zama, ba zai yiwu a gama wannan a rana ɗaya ba. Ki ba sura 13, 15 da 16 zama guda don tushen ciwon. Sura 18 da 19 su tafi tare da Zabura 59, wadda rubutun kanta ya danganta ta da daren da aka tsare gidan Dawuda. Sura 20 ta isa zama guda ita kaɗai, kuma tana da daɗin karantawa da murya, a raba wa mutum uku maganar Saul da Jonatan da Dawuda. Sura 21 zuwa 26 suna da Zabura 52, 54, 57 da 142 da za su raka su. In akwai waɗanda suka tashi cikin Musulunci ko suke zaune da maƙwabta Musulmi, sun san Ɗalutu (Saul) da Jalutu (Goliyat) da Annabi Dawuda daga Suratul Baƙara, amma labarin farautar da na Jonatan a nan 1 Sama'ila za su same shi.

Ki rufe da 2 Sama'ila 9, domin a can ne alkawarin sura 20 ya cika. Jonatan ya roƙa kada a yanke alheri daga gidansa in Dawuda ya hau gado, a zamanin da sabon sarki kan share zuriyar tsohon. Yana da ɗa, Mefiboshet, wanda yake shekara 5 lokacin da labarin Gilbowa ya iso, mai renonsa ta ɗauke shi da gudu ya faɗi ya gurgunce ƙafa biyu. Bayan shekaru, Dawuda ya sa aka nemo shi daga Lodebar, ya mayar masa da dukan gonakin kakansa Saul, ya sa Ziba, baran gidan Saul, da 'ya'yansa 15 da barorinsa 20 su riƙa nome masa, shi kuma ya riƙa cin abinci kullum a teburin sarki kamar ɗaya daga cikin 'ya'yansa.